Kafin a miƙa maka makulli: shawara ga 'yan Kebbi masu sayen gidan farko a Ingila

'Yan'uwanmu da suka zo Ingila aikin jinya, ko suka zo karatu suka zarce da aiki, daga Birnin Kebbi da Argungu da Jega da Yawuri da Zuru, da yawansu sun gaji da biyan haya sun fara neman gidan kansu. Wanda ya kai inda mai gida ya karɓi tayinsa, banki kuma ya yarda zai ba shi bashi, yakan ɗauka an gama. A makonnin da suka rage kafin karɓar makulli ne mutanenmu suka fi yin asara, kuma yawancin asarar daga abin da muka baro a gida take tasowa.

A can gida, idan mai abu ya ce "na sallama" a gaban shaidu, ciniki ya faɗa. A Ingila da Wales maganar baki ba ta ɗaure kowa. Sai ranar da lauyanka da lauyan mai gida suka yi musayar takardun yarjejeniya ciniki yake ɗauruwa, kuma ranar ce kake ba da kafin alƙalami, yawanci kashi 10 cikin 100 na kuɗin gidan. Kafin wannan rana mai gida yana iya fasawa ko ya sayar wa wanda ya ƙara masa kuɗi, ba abin da za ka iya yi masa. Bayanta kuwa, in kai ne ka kasa kawo cikon kuɗi a ranar da aka sa, za a ba ka wa'adin kwanakin aiki 10, in ya wuce kafin alƙalamin ya tafi. Saboda haka kada ka sanar da mai gidan hayarka cewa za ka tashi sai an yi musayar. Gara ka biya hayar wata guda a kan gidan da ba ka kwana a ciki, da ka tsinci kanka da iyali da kaya babu wurin sauka. Tsarin Sukotilan daban yake, wanda yake can ya bi abin da lauyansa ya ce.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Gwamnati tana karɓar haraji a kan sayen gida, wanda za ka gani a takardun lauya da sunan Stamp Duty, kuma tana yi wa mai sayen farko rangwame. Tun daga 1 ga Afrilu 2025, mai sayen farko a Ingila ba ya biyan komai a kan fam 300,000 na farko, sai kashi 5 a kan abin da ya haura har zuwa fam 500,000. In gidan ya fi haka tsada babu rangwame ko kaɗan. To amma a wurinsu mai sayen farko shi ne wanda bai taɓa mallakar gidan zama ba a ko'ina a duniya, ko saye ya yi, ko kyauta aka ba shi, ko gado ya ci. Gidan da ka gina a Badariya kafin ka taso yana iya shiga lissafi. Kason da ya faɗo maka a gidan mahaifinka a Argungu bayan rabon gado shi ma yana iya shiga. In kai da maiɗakinka kuke saye tare, dole ku biyun ku cika sharaɗin.

Akwai kuma ƙari. Wanda har yanzu yake riƙe da wani gidan zama da darajarsa ta kai fam 40,000, ko a ina yake, ana iya ɗora masa ƙarin kashi 5 a kan kuɗin sabon gidan gaba ɗaya. A gidan fam 250,000, mai sayen farko ba ya biyan ko sisi. Wanda ya taɓa mallakar gida zai biya fam 2,500. Wanda ƙarin ya hau kansa zai biya fam 15,000. Sannan wanda bai yi kwana 183 a Birtaniya ba cikin watanni 12 kafin sayen, akwai wani kashi 2 na daban a kansa.

Za ka ji masu cewa, "Wa zai je Kebbi ya duba?" Ni ban yarda da wannan shawara ba. Takardar harajin da sunanka ake cike ta, kai ne kake shaida gaskiya ce, kuma mutumin da yake zaune da biza yana jiran takardar zaman dindindin bai kamata ya ajiye ƙarya a fayil ɗin hukuma ba. Ban da haka ma amana ce. Ka zauna da lauyanka tun da wuri ka zayyana masa komai: gida ne ko fili ne da ba a gina ba, sunan wa ke kan takarda, an raba gadon ko ba a raba ba, kasonka nawa ne, kuma nawa zai yi in an kimanta shi da fam. Sau da yawa in aka juya darajar kason zuwa fam ba ta kaiwa 40,000 ba, kuma ƙaramin kason gado da aka ci kwanan nan yana da hukuncinsa na daban. Lauya ne zai tantance, amma ba zai tantance abin da ka ɓoye masa ba. Harajin ana biyansa cikin kwana 14 bayan kammala ciniki, wato ranar karɓar makulli, don haka zai nemi kuɗin tun kafin ranar.

Daga nan sai asalin kuɗi. Doka ta wajabta wa lauya ya san inda kowane fam ya fito. Mu kuwa kuɗinmu ba kasafai yake da takarda ba: Baba ya sayar da shinkafar rani, yaya ya sayar da shanu a kasuwa, an ba ɗan canji naira a gida, wani da ba ka taɓa gani ba ya turo maka fam daga Bamingam. A wurinmu halal ne tsantsa. A idon lauya kuwa kuɗi ne ya faɗo asusunka daga baƙon suna, kuma yana iya ƙin karɓarsa ana saura mako guda. In za a taimaka maka daga gida, kuɗin ya taso daga asusun bankin mai bayarwa, ya biyo ta banki ko kamfanin aika kuɗi mai rajista, a ajiye rasit na kowane mataki. In gona ko fili aka sayar, a ɗauki hoton takardar cinikin da sa hannun shaidu da na mai unguwa. Mai bayarwar zai sa hannu a wasiƙar da ke cewa kyauta ce, ba bashi ba, kuma ba shi da haƙƙi a gidan, a haɗa da hoton fasfo ɗinsa da bayanan asusunsa. Ka shirya wa dattijo wannan magana da ladabi tun da wuri, domin ba kowane uba ne zai ji daɗin a ce ya nuna abin da ke asusunsa ba. Kuɗin adashi ma haka: a rubuta sunayen 'yan adashin da zubin kowa, kuma zubin ya riƙa bi ta banki.

Mai asusun Lifetime ISA, wato asusun ajiyar da gwamnati take ƙara wa mai tara kuɗin gidan farko, kada ya cire kuɗin da hannunsa, za a yanke masa kashi 25. Lauya ne yake neman a fitar da kuɗin, kuma sai asusun ya cika wata 12, gidan bai wuce fam 450,000 ba. Waɗanda suka guje wa ruwa suka bi tsarin musharaka, inda banki yake sayen gidan tare da kai kana fansar kasonsa a hankali, su ƙara wa kansu lokaci, saboda takardunsu sun fi yawa kuma ba kowane lauya ne ya saba da su ba.

Tsakanin yardar banki da ranar makulli, ka bar asusunka ya zauna lafiya. Banki yana iya sake bincikenka ana gobe zai saki kuɗi. Kada ka ɗauki mota bashi, kada ka sayi kujeru da firji a tsarin biya kaɗan-kaɗan, kada ka sauya wurin aiki ba tare da ka faɗa ba. Na san buƙatun gida ba sa jira, musamman in Sallah ta matso, amma kuɗin da ka ware wa lauya da haraji da motar kwasar kaya kada a taɓa shi. Inshorar ginin kuma ta fara aiki daga ranar musaya, domin a yawancin yarjejeniyoyi tun daga ranar nauyin gidan yake komawa wuyanka.

Wajen tura kuɗi a yi hattara sosai. 'Yan damfara sukan kwaikwayi imel ɗin lauya su ce an sauya lambar asusu. Ka karɓi lambar a ofishinsu ko a wasiƙarsu ta farko, ka kira lambar wayar da ka riga ka sani ka karanta musu ita ɗaya bayan ɗaya, ka tura kuɗi kaɗan su tabbatar ya shiga, sannan ka tura sauran. Bankuna suna da iyakar abin da ake turawa ta waya a rana guda, don haka ko ka rarraba cikin kwanaki, ko ka je reshe a yi maka CHAPS, wato tura kuɗi mai yawa daga banki zuwa banki a rana guda. Ya isa hannun lauya aƙalla kwana guda kafin ranar.

Wata tambaya da lauya zai yi wa ma'aurata, mutane suna amsa ta a gurguje alhali tana da nauyi: wane irin haɗin mallaka kuke so? A nau'i na farko, in ɗaya ya rasu gidan gaba ɗaya yana komawa ga wanda ya rage, ko me wasiyya ta ce. A na biyu kowa yana da kasonsa sananne, kuma kason mamaci yana shiga dukiyar da za a raba. Musulmin da yake son a raba gadonsa yadda Shari'a ta tsara, ya san iyayensa da ke Kebbi suna da haƙƙi, ya yi shawara da malami da lauya kafin ya zaɓa, kuma ya rubuta wasiyya, domin in babu ita dokar Ingila ce za ta yi rabon. In akwai ƙane ko ƙanwa baligi da zai zauna tare da ku, a faɗa, banki yakan so ya sa hannu a wata takarda.

Yawancin mutane Juma'a suke zaɓa don karɓar makulli. In da hali ka nemi Talata ko Laraba. Cinikin gidaje sarƙa ne, kuɗinka ne mai gidan zai biya nasa sabon gidan da shi, in aka makara ranar Juma'a sai Litinin. Kuma makulli yakan fito ne da rana tsaka, daidai lokacin masallaci. Dillalin gidan ba zai miƙa shi ba sai lauyan mai gida ya kira ya ce kuɗi ya shiga, ko da motar kayanka tana ƙofar gida.

Kafin ranar ka roƙi a bar ka ka sake zagaya gidan, riƙe da takardar da ta lissafa abin da za a bari da abin da za a ɗauke. Ranar da ka shiga, kafin a sauke katifa, ka ɗauki hoton mitar wuta da ta gas da ta ruwa, lambobin su fito sarai. Ka nemo inda ake rufe ruwan gidan gaba ɗaya, yawanci ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin, ka murɗa ka ga yana aiki. Ka kunna boila, ka gwada ƙararrawar hayaƙi, ka sauya kwaɗon ƙofa. Sai sanar da ƙaramar hukuma saboda harajin gida, da likitanka, da wurin aiki, da ma'aikatar cikin gida in kana kan biza. Lasisin tuƙi ma a gyara adireshinsa a DVLA, hukumar lasisin tuƙi, rashin yin haka tararsa tana iya kaiwa fam 1,000.

Rajistar sunanka a ofishin filaye takan ɗauki watanni, ba abin tayar da hankali ba ne, amma ka bibiyi lauya har ya turo maka kwafin. Kafin kuma ka sayi tikitin zuwa gida na dogon hutu, ka karanta takardar inshorarka. Yawancinsu suna rage kariya in gida ya zauna babu kowa fiye da kwana 30 ko 60, kuma a hunturu ne bututun ruwa yake daskarewa ya fashe. Ka sanar da kamfanin, ka rufe ruwan, ka bar makulli wurin wanda zai riƙa leƙawa.