Yadda za ka gane ko ƙwayar kwantum ta tsira bayan an auna ta

Masu tambaya wai in an auna ƙwayar kwantum, wato ƙanƙanuwar ƙwaya irin foton (ƙwayar haske) ko ilektoron (ƙwayar lantarki), shikenan ta mutu, to abu biyu kuke haɗawa, ita ƙwayar kanta daban, halin da take ciki kafin a taɓa ta daban. Ƙwayar wani lokaci tana tsira, halin nata ne yawanci ba ya dawowa.

Fara da tambayar kanka ina ƙwayar ta ƙare bayan awon. In kyamara ce ta kama foton to an shanye shi ya koma siginar lantarki, babu abin da ya rage. Gwajin masana kimiyya Stern da Gerlach a Frankfurt a 1922 kuwa, ƙwayoyin azurfa ne ke ratsa maganadisu su je su manne a faranti, suna nan ba su ɓace ba amma wa zai kankaro su ya sake aiki da su.

In kuma a tarko take labari ya sha bamban. Masanin kimiyya David Wineland, lokacin da yake aiki a Boulder ta Amurka, ƙwayar zarra mai caji guda ɗaya yake riƙewa da filin lantarki, a haska mata leza a duba ko ta yi ƙyalli, sai a sake sanyaya ta a mayar da ita halin farko a kuma aunawa, ita ɗin dai ce sau dubbai. Shi kuma Serge Haroche a Faris ya ƙirga foton a tsakanin madubai biyu bai shanye su ba, ƙwayoyin zarra na rubidiyum, wani irin ƙarfe, yake turawa su wuce su ɗauko labari. Tare aka ba su Nobel a 2012.

Yanzu gwada a gida. Samo tabarau biyu masu rubutun Polarized, wato masu barin hasken da ke jere ta fuska ɗaya kawai ya wuce, na gaske fa, da laftof mai sikirin LCD don haskensa dama a jere yake fita ta fuska ɗaya. Buɗe farin shafi, ɗora tabarau ɗaya kana juya shi a hankali har gilashin ya yi baƙi ƙirin, tsaya nan kar ka motsa. Sai ka zura na biyun tsakanin sikirin da na farko a karkace digiri 45 daga yadda na farkon yake. Haske zai dawo, wajen rubu'in hasken sikirin in gilasan masu kyau ne.

Ka ƙara shinge amma haske ya ƙaru ko? Dalili shi ne na tsakiyar awo ya yi, rabin foton ɗin sun wuce amma sun fito da sabon hali na digiri 45, tsohon ya goge, shi ya sa rabinsu suka sake samun hanya a gilashin ƙarshe, wato wanda ka fara ɗorawa.

Don haka in za ka sake amfani da ƙwaya dole ka shirya ta daga farko. Kuma kar ka ce bari in kwafi halinta in ajiye kafin awo, masana Wootters da Zurek sun nuna tun 1982 cewa halin da ba ka sani ba ba ya kwafuwa.