Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa tsohon ɗanyen shayin Puer

Ɗanyen Puer, wanda Sinawa ke kira sheng, ganye ne mai faɗi daga lardin Yunnan na ƙasar Sin. Ana matse shi ya zama faifai, galibi mai nauyin giram 357, a ajiye shi shekara goma, ashirin ko fiye, ɗacinsa yana lafawa a hankali. Daban yake da shou, wanda ake gaggauta nunarsa ta hanyar tara ganye da danshi, dabarar da aka fito da ita wajen 1973. Shou yana rufa wa mai haɗi asiri. Sheng kuwa tona shi yake yi.

Ɓarnar tun wajen ɓantara take farawa. Mutum ya kama faifai ya karya shi kamar ƙuli-ƙuli, ganye ya zama gari, garin kuma ya saki baurinsa gaba ɗaya a zubin farko. Ka sa tsinken shayi ta gefe, ko ta ramin da ke bayan faifan, ka ɗaga ganyen shimfiɗa-shimfiɗa. Abin da ka ɓantara kada ka sha shi ranar. Zuba shi a tukunyar yumɓu marar wari, ya sha iska mako ɗaya zuwa biyu, warin ɗakin ajiya ya fita. Wanda aka ajiye a wuri mai laima kamar Hong Kong ya fi buƙatar wannan hutu fiye da wanda ya zauna a busasshiyar iskar Kunming, babban birnin Yunnan.

Sai ruwa. Da yawa suna tsoron ƙona ganye, sai su rage zafi kamar na koren shayi, su sami ruwa salam ba gardi. Tsohon ganye tafasasshen ruwa yake so, digiri 100, a kowane zubi. Ka ɗumama mazubin da ruwan zafi kafin ka sa ganye. Ruwan rijiyar burtsatse mai yawan ma'adinai yana danne ƙamshi. Nemi mai ƙarancin ma'adinai.

Inda hannu ya fi kuskurewa shi ne awo da lokaci, musamman ga wanda ya saba da ataya, inda ake barin ganye a kan gawayi ya dahu. A nan giram 6 zuwa 7 ake sa wa gaiwan, wato ɗan kofin nan mai murfi, mai cin mililita 100. Zubin farko na wanki ne: daƙiƙa 5 zuwa 10, a zubar. Rufe murfin ka dakata minti ɗaya ko biyu, tururi ya buɗe curin. Daga nan daƙiƙa 10, ka tsiyaye, ka riƙa ƙara kaɗan-kaɗan. Ka lura da zubi na uku da na huɗu, lokacin ne ganyen ke buɗewa duka, kuma nan ne ya kamata a rage lokaci, ba a ƙara ba. Tsiyayewar ma ta zama har ɗigon ƙarshe, domin ruwan da ya saura a ƙasa yana ci gaba da jiƙa ganyen, zubi na gaba ya fito da ɗaci. Ganye mai kyau yana kai zubi goma ko fiye. Sukari da na'a-na'a dai a bar wa ataya.

Wajen ɗanɗano, kada ka yanke hukunci a kofin farko. Ɗacin da ya narke ya bar zaƙi a maƙogwaro, abin da ake kira hui gan, alama ce mai kyau. Wanda ya manne a harshe, ko ya sa maƙogwaro ya bushe ya ƙulle, matsala ce ta ganye ko ta ajiya. Ƙamshin tsohon katako ko kafur daidai ne. Warin fumfuna da ya ƙi tafiya bayan wanki biyu, ko tabon kore ko baƙi a jikin faifai, wannan ba tsufa ba ne, lalacewa ce.

Masu saye kuma suna ruɗuwa da lambobi. Misali, lambar 7542 ta faifan masana'antar shayi ta Menghai ba ta nufin an matse faifan a 1975: 75 shekarar da aka tsara haɗin ce, 4 matakin ganye, 2 lambar masana'anta. Har yau ana yin sa sabo.

Kada a sa shi a firji, kada a ajiye shi kusa da turaren wuta ko kayan yaji, domin yana zuƙe wari. Danshin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari ya fi dacewa da shi. A hunturu iska kan busar da faifai har ƙamshinsa ya mutu, don haka ka bar shi cikin takardarsa, ka sa a jakar leda mai kauri marar wari, ka rufe bakinta. Da damina kuma ka ɗaga shi daga ƙasa, ka nisanta shi da bango.