Yadda na gyara jan hasken da ke fitowa a hotunana

Fim biyu na ɓata, duk hoton da aka wanko sai ka ga ja kamar wuta a gefe, ina ta zargin mai wanki ashe laifin kyamarar ne. Tsohuwar SLR ce (irin kyamarar da ke da madubi a ciki, kana leƙawa ta gilashin da ke ɗaukar hoton) mai cin fim 35mm, da na buɗe murfin baya sai na ga soson da ke tare haske ya narke kamar kwalta har yana manne wa yatsa. Ta nan haske ke bugun fim ta baya, shi ya sa yake fitowa ja.

Na kankare narkakken soson da tsinken sakace da ɗan sifirit, kar dai ka kuskura ka taɓa labulen shata, wato ɗan labulen da ke buɗewa haske ya shiga lokacin ɗaukar hoto. Na cusa baƙin zaren ulu a ramin da soson yake, na liƙa sabon soso wajen hinji. Fim na gaba hoto 36, ko ɗaya ba tabo.