Yadda Ake Auna Ƙarfin Hari da Tsaron Gida a Ƙwallon Kwando

Masu horar da matasanmu a filin Rowe Park da ke Yaba da kuma zauren wasanni na Surulere sukan auna ƙungiya da yawan makin da ta ci, alhali wannan ma'auni yana ruɗar mutum. Ƙungiyar da ke wasa da gaggawa tana samun ƙwallo sau da yawa, saboda haka makinta kan taru ko da ba ta da saiti. Abin dubawa shi ne makin da ake samu a kowane riƙo, wato daga lokacin da ƙwallo ta shiga hannun ƙungiya har ta koma hannun abokan karawa.

Da farko a zaunar da mutum ɗaya a gefen fili da littafi da biro, ya riƙa rubuta wa kowane ɓangare abu huɗu: yawan jifan da aka kai wa kwando, ƙwallon da masu hari suka sake cafewa bayan jifansu ya kuskure, ƙwallon da aka yi asara kafin a yi jifa, da jifan kyauta na bayan keta. Kada a ɗora wa mai horarwa wannan aiki, domin hankalinsa yana kan 'yan wasa.

Bayan an tashi sai lissafi. A ɗauki yawan jifa, a debe waɗanda aka sake cafewa tunda riƙon bai ƙare ba, a ƙara asarar ƙwallo, sannan a ninka jifan kyauta da 0.44 a haɗa. Ana ninkawar ne saboda galibi jifan kyauta biyu ke kammala riƙo ɗaya. A misali, idan yaran Agege sun yi jifa 70, sun sake cafe 12, sun yi asara 15, sun samu jifan kyauta 20, riƙonsu ya kai kusan 82. In sun ci maki 78, a raba da 82 a ninka da 100, ƙarfin harinsu ya zama 95. Wata ƙungiya da ta ci 66 kacal cikin riƙo 62 tana da 106, kuma ita ce ta fi iya hari, duk da cewa allon maki bai nuna haka ba.

Tsaron gida ma haka ake auna shi, da alƙaluman abokan karawa, sai dai a nan ƙaramar lamba ce abin so.

Don gano inda cutar take, a koma ga abubuwa huɗu da masanin alƙaluma Dean Oliver na Amurka ya fitar: ingancin jifa, wanda ya ba kashi 40 cikin 100 na muhimmanci, asarar ƙwallo 25, cafewa 20, jifan kyauta 15. A ganina asarar ƙwallo ce ta fi cin ƙananan ƙungiyoyi, kuma ita ce ta fi sauƙin gyara a atisaye.

Kada a yanke hukunci da wasa ɗaya, kuma kada a yi saurin ɗora lambar tsaro a kan ɗan wasa guda. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya tare jifa 3,830 a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, amma babu takardar da ta ƙirga jifan da aka fasa yi don an gan shi tsaye a gindin kwando. Wannan ɓangare sai a ɗauki wasan da waya, a zauna a kalla riƙo bayan riƙo.