Babi na 4: Wanke Kayan Cikin Kafireta Kafin a Mayar da Ita

Darasi na 1: Kafin ku taɓa sukundireba

Kafireta ita ce mai gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. Idan fetur ya daɗe a cikinta, sai ya bushe ya bar wani danƙo mai launin ƙasa, ya toshe ƙananan hanyoyi. Wannan danƙon za mu fitar.

Ku yi aikin a inda iska ke ratsawa. Ban da taba, ban da ashana, ban da kusa da wuta, domin ruwan wanke kafireta yana kamawa nan take. Ku tanadi faranti mai baki, farin ƙyalle, tsohon buroshin haƙori, gwangwanin feshin wanke kafireta, takarda da biro, safar hannu da tabarau. Tabarau dole ne: feshin yakan shiga ta wani rami ya ɓullo ta wani, kai tsaye cikin ido.

Mai waya ya ɗauki hoto kafin ya cire kowane abu. Marar waya ya zana a takarda, ko zanen bai yi kyau ba. Duk abin da kuka cire, ku jera shi a kan ƙyallen daga hagu zuwa dama. Na farko a hagu. Na biyu a gefensa. Ranar mayarwa, daga dama za ku faro.

Darasi na 2: Kwancewa

Ku kwance kofin man da ke ƙasa. Ciki za ku ga fulot, wato abin da ke yawo a kan mai, da wani siririn ƙarfe da ya riƙe shi. Ku zare ƙarfen a hankali, fulot zai fito tare da allurarsa, mai buɗe hanyar mai da rufe ta. Ku kaɗa fulot kusa da kunne. In kun ji motsin ruwa a ciki, ya huje, sai sabo.

Akwai sukuru a gefe mai daidaita iska da mai. Kada ku fara da kwance shi. Ku fara ɗaure shi zuwa dama, yadda hannun agogo ke tafiya, kuna ƙirga zagaye har ya tsaya da kansa, ba tare da matsawa ba. Ku rubuta lambar. Sau da yawa takan faɗo tsakanin 1½ da 2½. Wanda bai saba rubuta rabi ba ya ja dogon layi ga cikakken zagaye, gajere ga rabi. Sannan ku kwance. A bayansa akan sami sifirin, ƙaramar wosha da zoben roba.

Duk wata roba da filastik ku ware su gefe. Ruwan wanki yana kumbura roba.

Darasi na 3: Jet

Ku nutsu, a nan aka fi tuntuɓe. Jet shi ne ɗan gutun tagulla mai rami a tsakiya, wanda mai ke bi. Yawanci biyu ne: babba na gudu, ƙarami na lokacin da inji ke sulo. A jikin kowanne akwai lamba. Ku karanta ta, ku rubuta. A yawancin ƙananan injuna ramin ƙaramin bai kai rabin milimita ba, kuma an auna shi daidai da man da injin ke buƙata.

Ku fesa ruwan wanki cikin ramin. Ku bar shi ya jiƙa kamar minti 15. Ku hura iska. Ku ɗaga jet ɗin sama wajen haske, ku rufe ido ɗaya ku leƙa. Haske ya fito da'ira cikakkiya? Ya wanku. Hasken ya dushe, ko ya fito rabi kamar jinjirin wata? Bai wanku ba. Ku sake: fesa, jiƙa, hura, leƙa.

Kada ku zura wayar ƙarfe. Kada ku zura allurar ɗinki. Tagulla ta fi ƙarfe laushi, allura za ta kankare bakin ramin ya faɗaɗa, ido ba zai gani ba. Daga ranar injin zai riƙa shan mai, yana baƙin hayaƙi, fulogi na yin baƙi, kuma ramin da ya faɗaɗa ba ya komawa. In danƙon ya ƙi, ku cire gashi ɗaya daga buroshin haƙori ku zura. Shi roba ne, ba ya cin tagulla.

Na san hannu kan yi ƙaiƙayi. Ba laifi ba ne mutum ya gaji a zagaye na uku, kowa da haka ya fara. Ku ajiye, ku miƙe, ku dawo. Fesa, jiƙa, hura, leƙa.

Amma akwai masu cewa "ai na fesa, ya isa". Bai isa ba. Sau nawa za a faɗa? Ina ganin mutum ya goge bayan kafireta tana ta ƙyalli, ya mayar da ƙaramin jet bai ko ɗaga shi sama ba, ya ɗaura a inji, injin ya tashi ya mutu da zarar an saki totur, sai ya dawo yana cewa kafiretar ce ba ta da kyau. Kafiretar lafiyarta lau. Kai ne ba ka leƙa ba. Babba ne kai, ka bar aikinka ka zo koyo, to ka yi abin da aka ce. Wanda bai ga haske ba kada ya wuce zuwa darasi na gaba.

A gefen jet, da jikin dogon bututun da babban jet ke zama a kai, akwai wasu ƙananan huji. Su ma ɗaya bayan ɗaya: fesa, jiƙa, hura, leƙa.

Darasi na 4: Gangar jiki

Ku sa siririn bututun gwangwanin a kowane rami ku fesa, ku ga inda ruwan ya ɓullo. In bai ɓullo ko'ina ba, hanyar a toshe take. Ku bi da iska. Kada ku hura iska mai ƙarfi fulot na ciki, zai lotsa. Farin garin da ke ƙasan kofin mai alamar ruwa ce, ku goge da buroshi. Ragowar tsohon gasket, wato shimfiɗar da ke hana mai yoyo a mahaɗa, a kankare shi da filastik, ban da wuƙa.

Darasi na 5: Allurar fulot

Ku duba bakinta. In zobe ya fito a jiki, ta ci, a canza.

Darasi na 6: Bushewa

Ku bar kayan su bushe sarai a kan ƙyallen, ku rufe saboda ƙura. Gasket da zoben roba sababbi ake sawa. Takardar da kuka rubuta lambobi a kai, ku zo da ita babi na 5.