Kurakuran da 'yan uwa ke yi in sun je zagaya tafkin Eibsee lokacin kaka

Duk wanda ke zaune a Munich ko kewayenta, ɗalibi ne ko ma'aikaci, da wuya Oktoba ta wuce ba a ce masa "mu je Eibsee" ba. Tafki ne a gindin dutsen Zugspitze, dutse mafi tsawo a Jamus, mita 2,962, shi kuma tafkin yana sama da matakin teku da mita 973, hanyar da ta zagaye shi kusan kilomita 7 ce, awa biyu ka gama in ba ka tsaya ɗaukar hoto da yawa ba. Wuri ne mai kyau wallahi, ruwan kore shar kana hango duwatsun da ke ƙasansa, ga 'yan tsibirai guda 8, ganye duk ya koma rawaya da ja. Amma ina jin takaici in na ga ɗan uwa ya biya kuɗin jirgi ya zo har nan, sanyi ya hana shi sakewa ya juya tun bai yi rabin hanya ba.

Babban abin da ke yaudarar mutane rana ce. Ka leƙa taga ka ga rana fes, ka duba waya ta nuna maka yanayin Munich, sai ka saka riga ɗaya da 'yar jaket ka fito. To malam, duk mita 1,000 da ka hau sama zafi na raguwa da kusan digiri 6, kuma ba ma wannan ne matsalar ba, inuwa ce. Dutsen yana kudu da tafkin, a wannan lokaci kuma rana ba ta hawa sama sosai, saboda haka gefen kudu yakan daɗe cikin inuwa, kana gefen arewa kana jin ɗumi har ka buɗe zif, da ka kewayo ka shiga inuwar nan sai ka ji kunnuwanka da yatsunka sun daina aiki. Ba irin hunturunmu ba ne da in hantsi ya yi ka cire rigar sanyi shikenan. Ka duba yanayin Grainau ko Garmisch, garuruwan da ke kusa da tafkin, ba na Munich ba.

Wasu kuma sun san da sanyin, sai su ɗauko ƙatuwar jaket guda ɗaya su ɗora kan singileti na auduga. Minti ashirin da fara tafiya gumi ya jiƙa singiletin, auduga ba ta bushewa da wuri, da ka zauna kan benci sai rigar ta manne maka a baya da sanyi kamar me, ga shi ba ka da abin ragewa, ko ka bar jaket ka ci gaba da gumi ko ka cire ka daskare. Gyaran shi ne kaya hawa-hawa: ta ciki wadda ba auduga ba, ulu ko irin ta 'yan wasanni, sai suwaita, sai jaket mai tare iska, da hula mai rufe kunne da safar hannu a jaka. Ka ji ɗumi ka rage ɗaya, ka shiga inuwa ka mayar tun kafin sanyin ya kama ka.

Takalmi kuma, dan Allah a bar na gayu mai santsin ƙasa a gida. Ganyen da ya zube yana jiƙe, da safe raɓa na daskarewa a kansa, kuma mutane na son sauka bakin ruwa su hau dutse don hoto, a nan ake zamewa.

Sai lokaci, wanda shi ne ya fi damuna. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan magariba wajen ƙarfe 5 take, kuma tsakanin duwatsu haske na gushewa tun kafin nan. Daga Munich zuwa Garmisch kusan awa ɗaya da rabi ne a jirgin ƙasa, sannan ka canza zuwa bas ko jirgin Zugspitzbahn, wanda ya bar gida ƙarfe 12 ya riga ya makara. Azahar wajen 12, la'asar kafin 3, duk a hanya za su same ka, don haka ka yi alwala tun kafin ka fara zagayen, ka saka ƙaramar darduma a jaka, kar ka ce sai ka je bakin tafki ka cire safa ka tsoma ƙafa a ruwan nan iska na kaɗawa. Ka kuma duba lokacin bas ko jirgin ƙarshe tun da safe.

Waya ta zauna a aljihun ciki, sanyi na cinye batir da sauri, ga tikitinka a cikinta. Ƙishi ba ya damun mutum a sanyi sai ya manta da ruwa, ka cika filas da shayi mai citta, ka riƙe dabino ko gyaɗa, ka shafa man kaɗanya a leɓe. In akwai yara a tafiyar ka riƙa taɓa yatsunsu lokaci-lokaci, su ba sa faɗa sai sun fara kuka.