Yadda ake gasa zoben ƙarfen taransfoma a cikin ƙarfin maganaɗisu

Duk mai gyaran inbata da kayan sola a Katsina ya taɓa cin karo da wani ɗan zobe mai kama da naɗin kaset, wanda aka naɗe da wayar tagulla. Wasu daga cikin waɗannan zobba na wani haɗin ƙarfe ne da Yoshizawa da abokan aikinsa na kamfanin Hitachi Metals na Japan suka fitar a 1988, aka sa masa suna Finemet. Idan aka ƙirga ƙwayoyin zarra, ƙarfe ne mafi yawa, kashi 73.5 cikin ɗari, sai silikon 13.5, boron 9, niyobiyam 3, tagulla 1. Ingancinsa a gashi yake. Ga yadda ake yi, musamman don ɗalibanmu na injiniya da ke da tanderun lantarki a ɗakin gwaji.

Da farko ka naɗe zoben tun ƙarfen yana ɗanye. Yakan zo a matsayin siririn zirin da kaurinsa kimanin maikiromita 20 ne (maikiromita dubu ke yin milimita ɗaya), kuma yana lanƙwasuwa. Da zarar an gasa shi sai ya yi gautsi, ko da yatsa ka matsa sai ya ɓare. Ka goge maiƙo da ƙurar hunturu kafin ya shiga tanderu.

Sai babbar shawara, wadda nake so a tsaya a kanta: me za a yi da zoben? Amsar ita ce za ta nuna inda maganaɗisu zai fuskanta lokacin gashi. Idan ka zura sandar tagulla ta tsakiyar zoben ka sakar mata wuta, maganaɗisun zai bi da'irar zoben. Irin wannan zobe yakan cika da maganaɗisu nan take, ya kuma riƙe shi, don haka ya dace da da'irorin da ke son kunnawa da kashewa kai tsaye. Idan kuwa ka jera zobba kamar awarwaro a hannu, ka sa su cikin doguwar naɗaɗɗiyar waya, maganaɗisun zai ratsa faɗin zirin. Wannan yakan ba da zobe mai amsawa a hankali daidai gwargwado, mai ƙarancin asarar wuta. Shi ake so a matatar hayaniyar lantarki da taransfomar auna wuta. Hanya ta biyun tana cin maganaɗisu mai ƙarfi sosai, shi ya sa ake jera zobban da yawa.

Bayan haka ka kore iska daga tanderu, ka cika shi da iskar naitirojin ko ta agon, don kada ƙarfen ya yi tsatsa. Ka ɗaga zafi, amma ka sassauta idan ka doshi digiri 500 a ma'aunin Selsiyos, domin a nan ƙananan ƙwayoyin kiristal ke fara fitowa a cikin ƙarfen kuma su kansu suna fitar da zafi. Ka tsaya a wajen digiri 550 na kimanin awa ɗaya. A wannan lokaci tagulla ke haifar da ƙwayoyin, niyobiyam ya hana su girma, su tsaya a nanomita 10 zuwa 15 (nanomita dubu ke yin maikiromita ɗaya). Maganaɗisun kuma yana jera ƙwayoyin zarra su fuskanci gefe guda. Kada ka yarda zafi ya haura 600. Ƙarfe da boron za su haɗu su yi wasu ƙwayoyi da za su hana maganaɗisun zoben juyawa cikin sauƙi, zoben ya tashi aiki.

Kada ka kashe maganaɗisu sai zoben ya huce. Kuma tun kafin ka fara ka tanadi janareta, don ɗauke wuta a tsakiyar gashi hasara ce.

Idan ya huce, ka sa shi a gidan roba kafin ka naɗa waya, domin matsi yana rage masa inganci. Ka naɗa waya biyu, ka duba zanen yadda yake amsa maganaɗisu a osiloskof, na'urar da ke zana siginar lantarki a allo: mai kusurwa huɗu na hanyar farko ne, siriri mai karkata na ta biyu.